Dawowa Kabi bayan shekaru a nesa: hanya, tsaraba da abokan da aka bari

Dan_Kalgo: Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da Sallah ta matso, ko aka sa ranar bikin kamun kifi na Argungu, 'yan uwanmu na Legas da Fatakwal da Saudiyya da Ingila sai su fara haramar gida. Wani shekara biyar rabonsa da Kabi, wani goma. Ya zo da murna, kafin ya koma ya ɓata da rabin abokansa. Ni dai a ganina tun da waya ta zo nisa ya daina zama hujja. Abotar da ta mutu yanzu, dama can ba ta da ƙwari. Masu sani ku gyara mini idan na kauce, kuma ku faɗa wa mai shirin dawowa ta ina zai fara.

Direban_Jega: Wa alaikumus salam. Ku bari mu kawo shi gida lahiya tukuna, sannan a yi zancen abokai. Mai tasowa daga Legas da mota, hanya ita ce Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Ilori, gadar Jaba, Mokwa, Kwantagora, Yawuri, Koko, Jega, Kalgo, Birnin Kabi. Ta haura kilomita 800, kuma tsakanin Ilori da Mokwa tireloli da tankoki ne ka cika ta. Tirela guda ta faɗi, an kwana nan. Kada a ce sai an cinye ta yini guda. A taso bayan asuba, a kwana Ilori, washegari a yi sammako yadda za a wuce Kwantagora da Yawuri rana na sama. A cika tanki Ilori, a ƙara Kwantagora, ko da allura ba ta kai rabi ba. Da damina a tambayi direbobin tasha halin hanya ranar tahiyar, ba jiya ba. Kowa ya san abin da ambaliyar Mokwa tay yi ma hanyar a ƙarshen Mayun 2025.

Bakanike_Koko: Ƙari a kan maganar direba. Abin da ya fi ajiye mutane a daji a hanyar nan taya ne da lagireto. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a cikin ɗan zobe. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ba taya, ko da zanenta bai cinye ba, domin robar bushewa take, sai ta haɗu da zafin kwalta da lodi ta fashe. A auna iska da safe taya na sanyi, har da safaya. A tafi da fambel sabo, galan na ruwa, jak da sifanar da aka gwada ta kama notin. Mota ta yi zafi kada a buɗe murfin lagireto sai ta huce. Lambar gaggawa ta masu kiyaye haɗurra 122.

Bazamfare_Gusau: Na ɓangarenmu, mai zuwa daga Abuja ko Kaduna ta Zariya, Funtuwa, Tsafe, Gusau har Mafara: da hantsi ake bi, la'asar ta yi maka a gari. Kada ka sa ranar tafiya a status, kada ka ɗora hoton tikiti. Mutum biyu a gida su san lambar motar da lokacin tashi, shi ke nan. Ku yi magana tun kafin a tashi cewa idan waya ta ƙi shiga ba lallai wani abu ne ya faru ba, akwai wuraren da ba sabis. Wanda ya ga watan Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara ya san amfanin a ajiye magana tun da wuri.

Dan_Zuru: Bazamfare ya faɗi gaskiya yau, a rubuta ranar.

Bazamfare_Gusau: Badakkare, ka samu an bar ka ka yi magana cikin manya.

Hajiya_Jidda: Mai zuwa ta jirgi kuma, filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa shi ne kusa da gida, amma ba kullum ake samun jirgi a ranar da kake so ba. Madadinsa Sakkwato, daga nan mota ta Argungu, wajen kilomita 150. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan hana jirgi sauka, don haka kada ka haɗa jirgin komawarka ƙasar waje da na cikin gida a rana ɗaya, bar kwana guda a tsakani. Abu na biyu da ke cin kuɗin mutane: jirgin waje yakan ba ka jaka biyu masu kilo 23, na cikin gida kuwa sau da yawa ko jaka ɗaya irin wannan ba ta shiga kyauta. Ka duba tikitinka. Kayan nauyi a ba motar da ke ɗaukar saƙo, a karɓi rasit. Powerbank a jakar hannu yake tafiya, iyakarsa 100Wh, mai 20,000mAh ya wuce lafiya. Zamzam lita 5 ne a kwalinsa na filin jirgi, kada a cusa jarka cikin akwati.

Dan_Kalgo: Madalla, mun kawo shi gida. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa maganata ta abota.

Mai_Shagon_Waya: Yanzu zan taɓa ta, kuma ban yarda da kai ba, Malam. Ka ce waya ta kashe nisa. Wayar ce ma take yanke mutane ba su sani ba. Layin Najeriya idan ya yi wata shida ba kira, ba saƙo, ba sayen kati, kamfani na iya tsayar da shi. Ya ƙara wasu watanni haka, a sayar wa wani. Abin da ke biyo baya: abokin gida ya kira lambar ya ji baƙuwar murya, ko ya tura ta'aziyya wani can ya karanta ya yi shiru, sai a ce wane ya samu duniya ya daina amsa mutane. Mafi muni, lambar ce ke kan BVN da asusun banki, sabon mai layi yana ganin alat ɗinka. WhatsApp ma idan ya kai kwana 120 ba a hau ba yana iya share asusun.

Gyaran mai sauƙi ne. Ko ka tafi da layin ka riƙa sa masa kati kana tura saƙo ɗaya duk wata biyu, ko ka bar shi a ƙaramar waya hannun wanda ka yarda da shi, amma ka fara cire shi daga banki. A tabbata an haɗa shi da NIN, ana dubawa da *996#. Idan za ka koma lambar waje, kada ka buɗe sabon WhatsApp, shiga saiti ka yi canjin lamba, zai kai ka duk zaurukan da kake ciki ya kuma sanar da mutane. Ka sa lambar sirri mai shida ta mataki na biyu. Duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka don a sa ka a taron tsofaffin ɗalibai, ɓarawo ne. Da ya karɓe asusun abokanka zai bi yana roƙon kuɗi da sunanka.

Ma'aikacin_Banki: Daidai. Asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba yana kwanciya. Kuɗinka na nan, amma ba ka iya cirewa sai ka je reshe da katin shaida an tashe shi. Mai dawowa Sallah ya tuna bankuna na rufe ranakun hutu, ya yi wannan a ranar aiki ta farko. Katin ATM ma yana da ranar mutuwa a jikinsa, a duba tun kafin a taso.

Malama_Gwandu: Ni abin da na ga yana sa ɓacin rai a banza shi ne agogo. Saudiyya na gabanmu da awa 2, Dubai 3, Indiya 4 da rabi, Malesiya da Sin 7. Ingila lokacin zafinsu daidai muke, lokacin sanyi suna bayanmu da awa 1. New York na bayanmu da 5 ko 6. Na gida ya idar da isha'i ya zauna hira ya kira ɗalibin da ke Malesiya, can ƙarfe uku na dare ya wuce. Ba a ɗauka ba, sai zargi. A tsayar da rana ɗaya, misali Juma'a bayan an sauko ko safiyar Lahadi, ko sau ɗaya a wata. Saƙon murya kada ya wuce minti biyu, kuma a faɗi buƙata a farko, domin mai aikin kwana ba ya iya sauraron minti tara kafin ya ji abin da ake so. Abu uku kuma ba a yin su da sitika: ta'aziyya, dubiya da barka. Waɗannan kira ake yi, idan da hali a tura ƙane ko ɗan uwa ya je ya zauna a madadinka.

Alhaji_Dan_Kasuwa: Duk kuna zagaye-zagaye. Kuɗi ne. Na waje ya turo a gina masa gida, ko a saya masa fili, ko a yi masa kiwo, ba rubutu ba shaida, wai ai abokina ne tun firamare. Shekara uku ya dawo ya tarar da kango iya taga. Shi na gida yana ganin wahalar da ya sha ba a biya shi ba, na waje yana ganin an cuce shi. Ko wayar zinariya gare su sun rabu.

Injiniya_BK: Alhaji ya sosa inda ke ƙaiƙayi. Ga yadda ake yi gini daga nesa abota ta tsira. Kafin kwabo ya fita, takardar fili ta zama da sunanka, da sa hannun mai sayarwa da shaidu da mai unguwa, a kuma bincika a ofishin filaye cewa ba hanya ba ce ba kuma filin gwamnati ba. A zana taswira, a lissafa kaya. Bango murabba'in mita ɗaya bulo 10 yake ci, don haka kai da kake can kana iya lissafa bulon gidanka da biro. Buhun siminti kilo 50 ne, idan bulo mai inci 9 za a buga kada ya wuce 30 a buhu. Masu son riba kan ja shi ya haura 40, irinsa ne kake murzawa da yatsa yana zuba. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, a zafin Kabi in ba haka ba ƙonewa yake.

Kuɗi kuma kashi-kashi: tushe, zuwa linta, rufi, filasta da wayarin. Ba a sakin na gaba sai an ga bidiyon na baya, mai ɗauka yana zagayawa yana faɗin ranar. Kuɗin siminti da rodi da kwano a tura wa mai shago kai tsaye. Siminti kada a tara shi da yawa da damina, danshi na daskarar da shi. Sannan abin da mutane ke jin nauyin yi: a yanka wa abokin ladan tsayuwarsa a fili, kaza a wata ko kaza a kowane mataki. Mutum ya bar sana'arsa yana yini a rana kan gininka yana ƙona man babur ɗinsa, ka ce Allah ya saka da alheri kawai, ka buɗe masa ƙofar taɓa kuɗin yashi.

Malam_Na_Zaure: Allah ya yi albarka, Injiniya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, don haka ba rashin yarda ba ne. Wanda ya ba aboki jari ya juya, wannan ƙiradi ne. Riba ana raba ta da kaso, rabi ko sulusi, yadda aka yi sharaɗi tun farko. Ba a cewa kowane wata ka ba ni dubu kaza ko an ci ko ba a ci ba. Idan aka yi asara ba da sakaci ba, mai dukiya ya rasa dukiyarsa, mai juyawa ya rasa wahalarsa. Da yawan na waje ba su san wannan ba, sa ya mutu su ce sai an biya su.

Tun da ana maganar matafiyi: a mazhabarmu ta Malikiyya ana ƙasaru a tafiyar mil 48, wajen kilomita 80. Da ka shiga garinku, ko garin da matarka take zaune, ka cika salla. A wani garin kuwa niyyar zaman kwana huɗu ke yanke ta. Kuma ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, kuma idan ya dawo da masallaci yake farawa ya yi raka'a biyu. Masu son su ba gida mamaki su ji.

Inna_Argungu: Yauwa Malam. Ni tsarin gaisuwa zan faɗa, don nan yaranmu ka tuntuɓe. Ranar da ka sauka ta iyaye ce. Washegari, kahin kowa, gidajen da anka yi rashi ba ka nan. A zauna da uwa ko babbar ya a rubuta su, kada a manta ko guda, har na abokanka da sunka rasa iyaye. Sannan kakanni, baffanni, gwaggwanni, kawunnai, surukai, malamin allo, maƙwabta. Abokai kai ka bin su inda suke, shago ko majalisa ko fadama, ba ka zauna gida ka ce su zo. Wanda yaz zauna yana jiran a zo gaishe shi, ranar an gama yanke mai hukunci. Tsaraba kuma a ƙulla ta da suna tun can. Gara abu ƙarami iri ɗaya mai yawa, turare, dabino, sabulu, hula, carbi, da babba guda uku da za su sa saura su ji an ware su. A ajiye kamar kashi ɗaya cikin biyar ba suna, don wanda anka manta sai ya ɓullo. Kada a buɗe akwati tsakar gida. A kai ɗakin uwa, ita ta san wa ya kamata.

Nas_Yawuri: Kafin ya gama zagayen da Inna ta lissafa, kada zazzaɓi ya kwantar da shi. Wanda ya yi shekaru a ƙasar da ba cizon sauro, ɗan sabon da jikinsa ya yi ya tafi, yaran da aka haifa can kuwa ba su da shi sam. Ya ga likita kafin ya taso a ba shi na rigakafi. Malarone ana farawa kwana ɗaya ko biyu kafin isowa, kullum, a ci gaba kwana 7 bayan an bar ƙasar. Doxycycline sai an ƙara mako 4, kuma ba a ba mai ciki da ƙananan yara. Gidan sauro tun daren farko. Zazzaɓi ya zo a yi gwaji, kada a sha magani da ka. Idan an tabbatar aka ba da artemether-lumefantrine, sha shida ne cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8, a sha da abinci mai maiƙo ko madara don ya shiga jiki, kuma a ƙarasa ko an ji sauƙi. Bayan an koma, duk zazzaɓin da ya taso a gaya wa likita an je Najeriya. Masu zuwa da bazara su yi allurar sanƙarau, an ga ɓullarsa a Gwandu da Aliero da Jega a watan Maris na 2025. Mai ƙetare ruwa a yankinmu kuma kada ya shiga jirgi ba rigar ruwa, ko jirgin da aka yi wa lodi ya nutse har baki, ko bayan magariba. Hatsarin jirgin ruwa na Warra na Mayun 2021 bai kamata a manta da shi ba.

Dan_Kamba: Wanda zai leƙa abokai a Gaya ko Doso ta Kamba ya riƙe katin shaida ko fasfo da katin allurar shawara. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, ka'idar kan iyaka na iya sauyawa, a tambaya kafin a tashi. Canjin sefa a yi shi da rana a wurin wanda aka sani.

Hajiya_Jidda: Na dawo kan maganar Alhaji, domin bayan kuɗi sai saƙo. Ranar komawa kowa zai kawo ƙulli a kai wa ɗansa. Ka'ida ɗaya ce: duk abin da ba a buɗe a gabanka ba, ba ya shiga jakarka, ko na wane ne. Magani ba takardar likita kada ka karɓa. Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya kisa ne, goro ma hana shiga da shi ake yi. Ingila ba a shiga da nama ko kayan madara daga nan, wato kilishi da man shanu sun fita, amma busasshen kifi an yarda har kilo 20, zuma kilo 2. Ka sanar tun mako guda cewa kilo kaza ka ware wa saƙo, wanda ya riga ya samu. Ka ƙirga jakunkunanka da kanka, ka riƙe 'yan takardun da aka manna maka a tikiti.

Mai_Kifi_Yawuri: Kifin nan a sake shanya shi yini guda ko a ɗan gasa kafin a ɗaure. Idan ka lanƙwasa bai karye ba akwai sauran ruwa, a leda zai yi fumfuna kafin Ilori. Kwali da takarda ya fi. Wanda ka ga ko ƙuda ba ya sauka a kansa, ka shinshina, wasu na fesa masa maganin ƙwari. Albasar Aliero a buhun raga, kada ta kwana a but ɗin mota a rufe.

Dan_Kalgo: Na karɓi gyara a kan layin waya da agogo, ban taɓa kawo su a lissafi ba. Amma Alhaji, wanda ya ci kuɗin ginin abokinsa ai ko gida ɗaya suke kwana zai ci. Ina laifin nisa a nan?

Alhaji_Dan_Kasuwa: Da yana gari da ya leƙa ginin kowace yamma, da magana ba ta kai buhu ɗari ba. A buhu biyu za a yi ta, a yi dariya, a wuce.

Malama_Gwandu: Akwai kuma wanda ba kuɗi ba saƙo, hirar ce kawai ta ƙare. An gaisa, an tambayi iyali, an tuna makaranta, sai shiru. Wannan sai an sami abin da ake yi tare yanzu, ko adashi, ko karatun littafi ɗaya, ko ɗaukar nauyin gyaran rijiyar unguwa.

Dan_Zuru: Adashi kuma? Malama kin mayar da mu wurin Alhaji.

Direban_Jega: Mai komawa bayan Sallah dai kada shi taso rana ta uku, ranar kowa ka hita, kuɗin mota ninki ne. Shi ƙara kwana biyu, shi kama kujera tun jajibirin tahiya, kuma ta kusa da taga ɓangaren da rana ba ta bugu. In kudu za ka da sahe, hannun dama kenan.

Bakanike_Koko: Da la'asar kuma ta dawo kansa.

Direban_Jega: Kahin nan ya yi kwana.